Yadda ake rubuta tarihin ɗan siyasa a Wikipedia ba tare da karkata ba

Tambaya: Wata uku ke nan da na fara gyara a Wikipedia ta Hausa. Na shiga muƙalar wani tsohon gwamna da nake ganin girmansa, na rubuta cewa jajirtaccen shugaba ne da ya kawo wa jiharsa ci gaban da ba a taɓa gani ba, sai wani edita ya goge. Na koma muƙalar wanda ya gaje shi na rubuta cewa ya wawure dukiyar jiha, wannan ma aka goge. Ni kuma na san duka biyun gaskiya ne. Shin tsayawa tsaka-tsakin da ake ta faɗa, ɓoye gaskiya ake nufi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Na ji daɗi da ka tsaya ka yi tambaya, domin sababbin editoci da yawa idan an goge musu rubutu mayar da shi suke yi, a sake gogewa, su sake mayarwa, ƙarshe a toshe su, su tafi suna cewa shafin na 'yan wata jam'iyya ne. Na daɗe ina gyaran muƙalolin 'yan siyasa, kuma ba zan ɓoye maka ba, da ni na fara cin karo da jimlolin nan naka biyu, ni ma cire su zan yi. Ba wanda yake so ka ɓoye gaskiya. Matsalar tana wajen bakin da ka sa ya faɗe ta.

Muƙalar Wikipedia ba ta da sa hannu. Idan ka rubuta sharhi a jarida ko a shafinka na Facebook, sunanka yana sama, mai karatu ya san ra'ayin wane ne, in ya ga dama ya ɗauka, in ya ga dama ya watsar. A Wikipedia kuwa, ɗalibar da ke Maraɗi ko ɗan kasuwar da ke zangon Kumasi ba sa ganin ka. Insakulofidiya suke ji tana magana, kuma suna ɗaukar abin da ta faɗa a matsayin zancen da aka riga aka gama. Da ka rubuta "jajirtaccen shugaba ne", ka ari bakinta ka ci albasa da shi. Da ka rubuta "ya wawure dukiyar jiha", ka ɗora ta a kujerar alƙali ta yanke hukuncin da babu kotun da ta yanke. Shi ya sa "na san gaskiya ne" ba ta wadatarwa a nan, ko da kai ne ka gani da idonka. Mu da muka zauna gaban malaman zaure ba baƙi ba ne ga wannan tsari, domin ba a karɓar ruwaya sai an san daga bakin wa ta fito, kuma mai ruwayar amintacce ne ko a'a. Duk jimlar da za a iya jayayya a kanta, sai ka kawo manazartar da mai karatu zai iya bi ya duba da kansa.

Tsananin da ake yi a kan tarihin mutanen da ke raye yana da asali. A watan Mayun 2005 wani mutum da bai yi rajista ba ya rubuta a Wikipedia ta Turanci cewa an taɓa zargin John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida a Amurka wanda ya yi aiki da Robert Kennedy, da hannu a kisan Robert ɗin da ɗan'uwansa Shugaba John Kennedy. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta zauna a shafin kusan wata huɗu ba wanda ya lura, har wasu shafukan intanet suka kwafe ta. A watan Nuwamban shekarar dattijon ya rubuta abin da ya same shi a jaridar USA Today, abin ya zama babban abin kunya. Daga nan aka hana marasa rajista ƙirƙirar sababbin muƙaloli a sashen Turanci, aka kuma tsara ƙa'ida ta musamman a kan tarihin rayayyu, wadda ta ce duk maganar da ke iya ɓata sunan mutum kuma ba ta da ingantacciyar manazarta a cire ta nan take, ba sai an jira tattaunawa ba. A 2009 hukumar amintattun Gidauniyar Wikimedia ta yi kira ga sassan dukkan harsuna su kula da wannan. To ka duba, idan ƙarya ta yi wata huɗu a sashen da ke da dubban masu sa ido, mu nan da editocinmu ba su da yawa, tsawon wane lokaci za ta ɗauka? Wannan tunanin ne yake sa ni taka-tsantsan duk lokacin da na buɗe muƙalar mutum mai rai.

Jimlarka ta farko ta fi sauƙin magani. Mu mutane ne masu kirari, harshenmu ya saba da kambama shugaba, kuma wannan ado ne a fada da dandalin kamfe. A insakulofidiya kuwa ana sauke kirarin ne a sa aikin a gurbinsa. Maimakon "ya kawo ci gaban da ba a taɓa gani ba", ka faɗi abin da ya gina, a wace shekara, a wane gari, ka sa rahoton da ya tabbatar. Idan ya kafa jami'a, ka ambaci sunanta da shekarar da aka kafa ta. Idan da gaske aikin mai yawa ne, mai karatu da kansa zai yaba, kuma yabon da ya yi da kansa ya fi wanda ka cusa masa tasiri. Haka nan "Mai Girma", "jagoran talakawa", "gwarzo", "haziƙi", duk ba su da wuri a cikin bayanin muƙala. Sai dai ka bambance sarauta da kirari. Cewa an naɗa Atiku Abubakar Wazirin Adamawa, ko an naɗa Ibrahim Shekarau Sardaunan Kano, labari ne da ya faru, masarauta ce ta naɗa, ana rubuta shi. Amma "Mai Gaskiya" da ake ce wa marigayi Muhammadu Buhari, ko "Madugu" da ake ce wa Rabi'u Musa Kwankwaso, ko "Khadimul Islam" da ake ce wa Abdullahi Umar Ganduje, laƙabin masoya ne. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka rubuta cewa magoya bayansa suna kiransa da haka, idan akwai manazarta. Sunan da 'yan adawa suka laƙaba wa mutum don zambo shi ma hukuncinsa ɗaya, har ma ya fi buƙatar hattara.

Jimla ta biyu ce mai nauyi, kuma a nan nake so mu daɗe. Tsakanin raɗe-raɗi da samun mutum da laifi akwai matakai da yawa, kowanne da kalmarsa a Hausa, amma a hirar majalisa mukan dunƙule su duka mu ce "ya ci kuɗi". Akwai zargi, wanda kowa ma zai iya yi. Akwai ƙorafin da aka kai wa hukumomin yaƙi da cin hanci na Najeriya, EFCC ko ICPC. Akwai gayyata don amsa tambayoyi, wadda ba kamu ba ce. Akwai gurfanarwa a gaban kotu da karanta tuhuma. Sannan hukunci, sannan ɗaukaka ƙara, wani lokacin kuma afuwa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa, don haka aikin edita shi ne ya ajiye mutum a daidai matakin da yake, kada ya hau da shi sama, kada ya sauko da shi ƙasa.

Duba tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba. A 2018 kotu ta same su da laifi, kowannensu ta yanke masa shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa Dariye zuwa 10, Nyame zuwa 12, sannan a watan Afrilun 2022 gwamnatin Buhari ta yi musu afuwa. A muƙalolinsu ba ka da dalilin rubuta "ana zargin", domin kotu ta riga ta yi magana, kuma sassauta wannan ma karkata ce. Haka kuma ba za ka rubuta cewa an wanke su ba, saboda afuwa daban, wankewa daban. Sai Orji Uzor Kalu, tsohon gwamnan Abiya. A watan Disamban 2019 babbar kotun tarayya da ke Legas ta yanke masa shekara 12. A watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar, saboda alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara, ba shi da hurumin komawa ya ƙarasa ta, ta kuma ce a sake shari'ar. Masoyinsa zai so ya rubuta "Kotun Ƙoli ta wanke shi", maƙiyinsa zai tsaya a "an ɗaure shi shekara 12" ya yi shiru da sauran. Su biyun duk sun yaudari mai karatu, alhali babu wanda ya ƙirƙiri labari a cikinsu. Abin da ya dace shi ne a jero matakan da ranakunsu, a faɗi dalilin rushewar ƙarara, a ci gaba da bin abin da ya biyo baya.

To idan zargin ya yi ƙarfi, duniya ta ji, amma kotu ba ta yanke komai ba fa? Ba a share shi. Ɗan siyasa mutum ne da ya fito fili da kansa ya nemi amanar jama'a, kuma zargin da manyan kafofin labarai suka ruwaito ya zama ɓangare na tarihinsa ko yana so ko ba ya so. Ga misalin yadda zan rubuta ɗaya da kowa ya sani: "A watan Oktoban 2018 jaridar intanet ta Daily Nigerian ta wallafa wasu bidiyo da ta ce suna nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga 'yan kwangila. Ganduje ya musanta zargin, gwamnatinsa ta ce haɗa bidiyon aka yi. Majalisar dokokin jihar ta kafa kwamitin bincike, daga baya wata kotu ta dakatar da binciken." Ka lura babu abin da aka ɓoye. An faɗi wanda ya yi zargin, da lokacin, da abin da ya ce, da martanin wanda ake zarga, da inda maganar ta kai. Ɗan Kwankwasiyya ba zai ce an rufa asiri ba, ɗan Gandujiyya ba zai ce an yanke hukunci ba. Kuma ka tuna sashe na 308 na kundin tsarin mulkin ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu rigar kariya muddin suna kan kujera, saboda haka rashin gurfanar da gwamna mai ci ba hujja ba ce a kan komai, ta kowane ɓangare, kada ka gina magana a kanta.

Shari'ar zaɓe ita ma tana kama editoci da yawa saboda gaggawa. Zaɓen gwamnan Kano na watan Maris 2023 darasi ne. Hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana Abba Kabir Yusuf na NNPP a matsayin wanda ya ci. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire masa ƙuri'a 165,663 ta ce Nasiru Yusuf Gawuna na APC ne ya yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ma ta soke nasararsa a watan Nuwamba, sannan ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa. A duk tsawon watannin nan Abba ne yake zaune a gidan gwamnati. Editan da ya ruga a watan Satumba ya mayar da shi "tsohon gwamna" ya rubuta abin da bai taɓa zama gaskiya ba. Wikipedia ba gidan rediyo ba ce da za ta yi tseren fitar da labari da ɗumi-ɗuminsa. Ka rubuta hukuncin da ranarsa, ka ƙara da cewa an ɗaukaka ƙara, ka bar muƙamin yadda yake.

Yanzu ga inda na fi ganin karkata tana shigowa, wato ta ƙananan kalmomi, musamman aikatau. "Ya ce" ba ta ɗaukar ɓangare. "Ya yi iƙirarin" tana nuna ba ka yarda ba. "Ya bankaɗo" ko "ya fallasa" suna nuna ka riga ka gaskata. "Ya amsa cewa" tana mayar da magana ta zama amsa laifi. Sai uwa-uba "wai". Idan ka rubuta "gwamnan ya ce wai ya biya albashi", ka ƙaryata shi da haruffa uku, ba tare da ka kawo hujja ko ɗaya ba. Haka "ya lallasa abokin takararsa", "ya sha ƙasa", "ya yi amai ya lashe", "ya caccaki", kalmomin kanun labarai ne masu daɗin ji, amma a muƙala sai ka ce ya ci zaɓe da ƙuri'a kaza, ya faɗi zaɓe, ya janye maganarsa, ya soki. Wanda ya bar jam'iyya, "ya sauya sheƙa" ta ishe shi, kada na wajenka ya zama "ya amsa kiran jama'a" na wancan ɓangaren kuma ya zama "ya ci amanar ubangidansa". Har "amma" tana da hannu a ciki, domin abin da ya zo bayanta shi ne yake zama a zuciyar mai karatu. "Ya gina makarantu amma ya bar bashi" da "ya bar bashi amma ya gina makarantu" labari ɗaya ne, hukunci biyu. Sau da yawa raba su nake yi jimla biyu, kowace ta tsaya da ƙafarta.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne fassara. Muƙalolinmu da yawa daga Turanci ake juyo su, wasu da taimakon na'ura, kuma kalmar da ke nuna cewa abu zargi ne kawai ita ce ta fi saurin faɗuwa a hanya. Na sha gyara muƙalar da asalinta ya ce ana tuhumar mutum da karkatar da kuɗi, fassarar kuma ta ce ya karkatar. Wanda ya fassara ba shi da mugun nufi, amma ɓarnar ɗaya ce.

Kada kuma ka ɗauka tsaka-tsaki na nufin raba komai biyu daidai, yabo layi biyar suka layi biyar. Ana auna kowane batu ne gwargwadon nauyin da ingantattun majiyoyi suka ba shi. Abin da ya faru a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki, juyin mulki ne, haka kafofin labarai da masana suka kira shi, haka kuma za ka rubuta. Dalilan da sojojin suka bayar sai ka kawo su da sunansu, a matsayin abin da suka ce. Ta ɗaya gefen kuma, mutumin da ya yi shekara 30 a siyasa, bai kamata rabin tarihinsa ya zama wata suɓutar baki da aka yi mako guda ana yayatawa ba. Ni ba na son a ware sashe guda a kira shi "cece-kuce" a zuba duk wani abin kunya a ciki, don yakan zama juji, kowa ya zo wucewa ya jefa nasa. Ya fi kyau kowane lamari ya shiga shekarar da ya faru, kusa da ayyukan wannan lokacin.

Batun manazarta ba zan tsawaita ba. Rahoton BBC Hausa, DW, RFI, Aminiya, Daily Trust, Premium Times, sakamakon INEC, waɗannan ana dogara da su, kuma idan zargi ne mai nauyi ka nemi fiye da ɗaya. Sanarwar mai magana da yawun gwamna shaida ce a kan abin da gwamna ya ce, ba a kan cewa aikin ya tabbata ba. Kalaman sojojin baka a rediyo, da sautin da ake turawa a WhatsApp, da rubutun Facebook da ba a san mai shi ba, ba sa shiga tarihin mai rai.

Akwai tambayar da ban ji ka amsa ba, kuma ya kamata ka amsa wa kanka: mene ne tsakaninka da tsohon gwamnan nan? Idan ƙauna ce kawai da ƙuri'a, babu laifi, duk editan da ka gani yana da wanda ya zaɓa. Idan kuwa kana cikin hadimansa, ko ɗan'uwansa ne kai, ko ana ba ka wani abu don kula masa da shafukan intanet, to lamarin ya sauya. A watan Janairun 2006 jaridar Lowell Sun ta gano cewa ma'aikatan ofishin Marty Meehan, ɗan majalisar wakilan Amurka daga jihar Massachusetts, sun gyara muƙalarsa sun cire alƙawarin da ya yi na sauka bayan shekara 8, wanda bai cika ba. Abin da suka so binnewa shi ya zama labarin da duniya ta ji, domin kowane gyara yana nan ajiye a tarihin shafi, kowa na iya dubawa. Tun 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia suka wajabta wa duk wanda ake biya don ya yi gyara ya bayyana wanda yake biyansa. Mai irin wannan alaƙa, abin da ya fi masa shi ne ya kawo shawararsa da manazartarsa a shafin tattaunawa, wato inda editoci ke magana a kan muƙalar, ya bar wani edita ya duba ya saka.

Ga gwajin da nake yi wa kaina kafin in danna wallafa. Nakan cire sunan mutumin in sa sunan abokin hamayyarsa, in sake karanta jimlar. Idan da wannan manazarta ɗaya tak zan yarda a rubuta wa wanda nake so irin wannan magana, sai in bar ta. Idan na ji zuciyata ta ce a'a, wannan bai isa hujja ba, to ga wancan ma bai isa ba. So yana hana ganin aibi, ƙi kuma yana hana ganin alheri, kuma ban san editan da ya kuɓuta daga su biyun ba sai da irin wannan bincikar kai.

Game da muƙalolinka biyu, kada ka mayar da abin da aka goge. A sashen Turanci wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, mu ma a nan masu gudanarwa ba sa barin irin wannan ja-in-ja. Ka buɗe shafin tattaunawa ka yi wa editan da ya goge sallama, ka gaya masa ka fahimci dalilinsa, ka nuna masa sabuwar jimlar da kake son sakawa tare da manazartarta. Shawarata ka fara da muƙalar gwamnan da ba ka so. Ka nemo ayyuka uku da ya yi waɗanda jaridu suka tabbatar, ka rubuta su da shekarunsu, sannan ka kawo zargin da ake masa da sunan wanda ya yi shi, da martaninsa, da matakin da maganar take a yau. Idan ka gama, ka koma ta gwaninka ka yi mata daidai irin wannan, har da sukar da aka yi masa, in dai jaridun kirki sun ruwaito ta. A akwatin taƙaita gyara kuma ka rubuta abin da ka canza da dalilinka, ko da layi ɗaya ne, don wanda zai zo bayanka ya san inda ka tsaya.